Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga samarin Kano masu kiran soja ya karɓi mulki

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ƙannena da 'ya'yana, bayan gaisuwa da fatan alheri, na rubuto muku ne a kan maganar da ta zama ruwan dare a garin nan, daga teburin mai shayi har dandalin Facebook da TikTok. Wai ƙasar nan ba za ta gyaru ba sai an samu namijin duniya guda ɗaya, mai kaki, wanda ba ya jin bari, ya kori 'yan siyasa, ya garƙame majalisa, ya miƙar da kowa da bulala. Tun zanga-zangar tsadar rayuwa ta watan Agustan 2024, da wasunku suka ɗaga tutar Rasha a titunan Kano suna kiran soja, maganar ba ta kwanta ba. Yanzu ma ka bi bayan Adaidaita Sahu goma, da wuya ba ka ga hoton Kyaftin Ibrahim Traore, shugaban mulkin sojan Burkina Faso, manne a jikin ɗaya ba, da jar hularsa.

Ba zan ce muku ku yi haƙuri ba. An faɗa muku har kunnenku ya ƙosa, kuma galibin masu faɗar a ƙoshe suke. Tun ranar 29 ga Mayun 2023 da aka cire tallafin mai, aka kuma saki naira ta nemi wa kanta daraja, kowa ya san yadda gidansa ya koma. Magidancin da yake auno kwano ya koma auno gwangwani. Yaro ya gama jami'a, ya yi bautar ƙasa, ga shi yana jan babur mai ƙafa uku daga Kabuga zuwa Bata tun asuba, rabin abin da ya samu ya tafi gidan mai, ragowar ya tafi balas ɗin mai babur, shi ya koma gida da ciwon baya. Wanda yake cikin wannan hali in ya yi fushi bai yi laifi ba. Abin da nake so mu duba tare shi ne inda ake son a kai fushin. Ni tsohon malamin tarihi ne, kuma darasin da na fi maimaitawa a aji shi ne na yaƙin da kakanninmu suke kira yaƙin Hitila, wato Yaƙin Duniya na Biyu.

Abin da ɗalibai suka fi haddacewa shi ne yarjejeniyar Versailles ta 1919. An ɗora wa Jamus alhakin Yaƙin Duniya na Ɗaya, an yanke mata ƙasa, an ce sojanta kada ya wuce dubu 100, an raba ƙasashen da take mulka a Afirka. Ta haka ne Kamaru ta faɗa hannun Faransa da Ingila, har wani yankinta ya shigo Najeriya a 1961. A 1921 aka yanka mata diyyar mak (kuɗin Jamus) biliyan 132 na zinariya. Da ta gaza biya, Faransa da Beljiyam suka mamaye yankin Ruhr mai masana'antu a farkon 1923, gwamnati ta shiga buga kuɗi ba ji ba gani, har a watan Nuwamban shekarar dala 1 ta kai mak tiriliyan 4.2. Ana biyan ma'aikaci sau biyu a rana, matarsa tana jira a ƙofar masana'anta ta karɓa ta ruga gidan burodi kafin farashi ya sake tashi. Tsohon da ya yi shekara talatin yana tara kuɗin tsufa ya wayi gari abin da ya tara bai sayen kan sarki na wasiƙa.

Duk wannan gaskiya ne. Amma ga abin da ake tsallakewa. A watan Nuwamban 1923 ɗin Hitila ya gwada juyin mulki a birnin Munich, 'yan sanda suka buɗe wuta, abin ya watse, ya yi kusan wata tara a kurkuku. A zaɓen 1928, bayan duk wulaƙancin Versailles da duk lalacewar kuɗi, jam'iyyarsa ta Nazi kashi 2.6 cikin ɗari ta samu, kujera 12 kacal. Jamusawa sun sha wuya, sun ji haushi, amma ba su bi shi ba.

Abin da ya ɗaga shi ya zo daga baya. A watan Oktoban 1929 kasuwar hannun jari ta New York ta rushe, bankunan Amurka suka janye bashin da Jamus take numfashi da shi, masana'antu suka rufe, zuwa 1932 marasa aikin yi sun kai kusan miliyan 6. Shugaban gwamnati na lokacin, Heinrich Brüning, maganinsa ɗaya ne: a ɗaure ciki. Ya rage albashi, ya rage ɗan tallafin marasa aiki, ya ƙara haraji, har mutane suka laƙaba masa shugaban yunwa. Da majalisa ta ƙi bin sa, sai ya koma mulki da dokar ta-ɓaci ƙarƙashin sashe na 48 na tsarin mulki, tsoho Shugaba Hindenburg yana sa hannu. Wato tun kafin Hitila ya hau, 'yan siyasar farar hula da kansu sun riga sun koya wa jama'a cewa majalisa ado ce. (Wannan ɓangaren ba naku ba ne, samari. Na masu mulkinmu ne, in akwai mai karantawa a cikinsu. Gwamnatin da take ce wa mai jin yunwa ya ƙara ɗaure ciki alhali ayarin motocinta yana ƙara tsawo, ita take share wa ɗan kama-karya hanya.) Ƙuri'un Nazi suka tashi zuwa kashi 18 a 1930, suka kai kashi 37 a watan Yulin 1932.

Ku lura da ƙarfin da ya dogara da shi a kan titi. Rundunar da ake kira SA, masu rigar ruwan ƙasa, cike take da samari marasa aikin yi. An ba su riga da takalmi, an ba su miya mai zafi da wurin kwana, an ce musu su ne za su ceto ƙasa, aikinsu tarwatsa taron abokan hamayya da fasa kai. Wanda ya san 'yan jagaliyar siyasa a Kano ya san irin wannan ciniki, bambancin kawai waɗancan suna da fareti da tuta.

Duk da haka bai taɓa cin rinjaye a zaɓe na gaskiya ba. A watan Nuwamban 1932 ma ƙuri'unsa raguwa suka yi zuwa kashi 33, asusun jam'iyya ya bushe. Manya ne suka ɗauko shi. Franz von Papen da wasu masu faɗa a ji suka lallashi Hindenburg ya naɗa shi shugaban gwamnati ranar 30 ga Janairun 1933, bisa lissafin cewa 'yan Nazi uku ne kawai a majalisar ministoci, su za su riƙe linzami. An ruwaito Papen yana bugun ƙirji cewa ai ɗaukar sa aiki suka yi.

Ku dubi abin da ya fara yi da mulkin, don a nan darasin yake. Ranar 27 ga Fabrairu gobara ta cinye ginin majalisar dokoki. Washegari aka fitar da dokar da ta jingine 'yancin magana da na taro da na jarida, ta ba 'yan sanda ikon tsare mutum ba tare da kotu ba. A watan Maris aka buɗe sansanin Dachau, kuma waɗanda aka fara zubawa a ciki Jamusawa ne 'yan hamayya. Ranar 23 ga Maris majalisa ta zauna a wani gidan wasan kwaikwayo, tunda nata ya ƙone, samarin SA sun yi sahu a ƙofa da cikin zaure suna ihu, aka kawo ƙudurin da zai ba Hitila ikon yin doka shi kaɗai. 'Yan gurguzu 81 da aka zaɓa babu ko ɗaya a wurin, wasu suna tsare, wasu sun gudu. Otto Wels ya miƙe ya yi magana a madadin jam'iyyarsa ta Social Democrat, su 94 suka ce a'a, mutum 444 suka ce e. Ranar 2 ga Mayu aka rusa ƙungiyoyin ƙwadago. Ranar 14 ga Yuli aka haramta kowace jam'iyya sai tasa. Wata shida bai cika ba ya toshe duk wata hanyar da za a bi a sauke shi.

Samarin da suka yi masa dakon mulkin fa? Ranar 30 ga Yunin 1934 ya sa aka kama shugabanninsu aka harbe, har da Ernst Röhm, amininsa tun farkon tafiya, don ya faranta wa janar-janar na soja. A wannan shara aka kashe Janar Schleicher, wanda ya gada a kujera, tare da matarsa a cikin gidansu. Papen mai ɗaukar aiki an tsare shi a gida, an kashe na hannun damansa. Da Hindenburg ya mutu a watan Agusta, kowane soja ya yi rantsuwar biyayya ga Hitila da sunansa.

A Italiya ma haka ta faru, har ma ta riga. Jam'iyyar Musolini kujera 35 gare ta cikin 535. A watan Oktoban 1922 da 'yan baƙar rigarsa suka doshi birnin Rum, soja na iya tarwatsa su, amma Sarki Victor Emmanuel ya ƙi sa hannu a dokar ta-ɓaci, ya aika a kira shi. A jirgin ƙasa ya taho daga Milan ya karɓi mulki. Ɗan majalisa Giacomo Matteotti ya tashi ya fallasa maguɗin zaɓen 1924, cikin 'yan kwanaki aka sace shi aka kashe.

Na san abin da za ku ce: to ai Hitila ya samar da aikin yi, ya gina tituna, ya dawo wa ƙasarsa da martaba. Ya samar da aiki, ba musu. Amma wane aiki, kuma da wane kuɗi? Mafi yawansa ƙera makamai ne da ɗibar samari soja, wanda ya mayar dole a 1935. Kuɗin kuma bashi ne da aka ɓoye ta hanyar takardun wani kamfani na bogi da ake kira Mefo, dabarar Hjalmar Schacht, shugaban babban bankin ƙasar. Tanka ba ta haihuwa, ba a kuma cin ta. A 1936 Hitila ya ba da umarni soja da tattalin arziki su shirya wa yaƙi cikin shekara huɗu. Da Schacht ya ga asusu zai tsage ya yi gargaɗi, aka sauke shi daga babban banki a farkon 1939. Janar-janar da suka nuna ɗari-ɗari da shirin yaƙi aka kawar da su a 1938. Ya rage ba mai iya cewa ranka ya daɗe, wannan hanya ba ta ɓullewa. Ƙasar da aka gina a kan bashin makami, in ba ta ci ganima ba ta durƙushe, shi ya sa da ya haɗiye Ostiriya a watan Maris na 1938 zinariyar babban bankinta aka fara kwashewa, da ya shiga Prague bayan shekara guda ya gaje masana'antun makamai na Skoda. Wannan ita ce igiyar da ta ɗaure kama-karya da yaƙi. Shugaban da za a iya kayarwa a zaɓe in ya gaza, sai ya tafi gida. Wanda ba a iya kayarwa in ya gaza, sai ya nemo abokin gaba, a cikin gida ko a ƙetare, ya ce shi ne ya hana ruwa gudu.

A Japan sojan ne da kansa ya ci ƙarfin farar hula. Karyewar tattalin arziki ta kashe kasuwar siliki, ƙauyuka suka shiga yunwa, ƙananan hafsoshi 'ya'yan manoma suka ce 'yan siyasa ɓarayi ne. A watan Satumban 1931 hafsoshin da suke Mancuriya suka dasa bam a layin dogo da hannunsu, suka ce 'yan Sin ne, suka mamaye yankin ba tare da sun nemi izinin gwamnatinsu ba. A watan Mayun 1932 wasu matasan hafsoshin ruwa suka harbe firaminista Inukai a gidansa. Daga nan jam'iyyu suka zama 'yan kallo. Sai yaƙi da Sin a 1937 da kisan kiyashin Nanjing, sai harin Pearl Harbor a 1941.

Manyan ƙasashen da suke kiran kansu masu dimokuraɗiyya kuwa ba zan wanke su ba. Majalisar ƙawancen ƙasashe da aka kafa bayan yaƙin farko, wadda ta gabaci Majalisar Ɗinkin Duniya, Amurka ba ta taɓa shiga ba, Ingila da Faransa kuma kowace tana gadin abin da ta wawura. Habasha ce ta gane kurensu. A watan Oktoban 1935 Musolini ya afka mata don ya rama kashin da Italiya ta sha a Adwa a 1896, yana zuba wa ƙauyuka iskar guba daga jirgin sama. Aka sa wa Italiya takunkumi amma aka cire man fetur a ciki, aka bar mata mashigin Suwez a buɗe tana wucewa da sojoji, ministocin wajen Ingila da Faransa ma suka ƙulla a asirce a ba ta babban kaso na ƙasar. Da Sarki Haile Selassie ya tsaya gaban majalisar a Geneva a watan Yunin 1936, 'yan jaridar Italiya ihu suka yi masa. Hitila yana kallo, ya ga ba mai haƙori. A watan Maris na shekarar ya riga ya tura soja yankin Rhineland ba wanda ya tanka. A taron Munich na Satumban 1938 aka yanka masa wani yanki na Cakoslobakiya, masu ƙasar ba a ko ba su kujera a teburin ba. Ranar 23 ga Agustan 1939 ya ƙulla yarjejeniya da Sitalin, shugaban Tarayyar Sobiyet, suka raba Folan a takarda, ranar 1 ga Satumba ya shiga. Sitalin, wanda ya riga ya kashe manyan hafsoshinsa da hannunsa a 1937 da 1938, ya ƙi yarda da duk wanda ya gaya masa abokin cinikinsa zai ci amanarsa, har ranar 22 ga Yunin 1941. Tarayyar Sobiyet ta rasa mutum wajen miliyan 27. Duniya gaba ɗaya ta rasa sama da miliyan 60.

Akwai maganar da nake gani wasunku suna rubutawa tun da aka shiga ruwan bama-bamai a Gaza, wai Hitila ya yi daidai. Raɗaɗin Falasɗinu yana zuciyar kowane ɗayanmu, amma wannan magana ɓata ce, kuma jahilci ce. Yahudawan Jamus ba su kai kashi 1 cikin ɗari na jama'ar ƙasar ba, ya ɗora musu laifin faɗuwar yaƙi da talauci, ya ƙare da hallaka miliyan 6 a faɗin Turai, tsofaffi da mata da jarirai, abin da babu addinin da ya halatta. Kuma kai baƙar fata da kake yabonsa, ka san matsayinka a wurinsa? A 1937 gwamnatinsa ta tattara yaran da sojojin Afirka na Faransa suka haifa da Jamusawa aka yi musu tiyatar hana haihuwa da ƙarfi. A 1940 sojojinsa sun riƙa ware baƙaƙen fursunoni daga farare suna harbewa, kamar yadda aka yi a Chasselay kusa da Lyon, kuma da yawansu Musulmi ne daga Senegal da Mali da maƙwabtansu. Abokinsa Musolini shi ya tsare dubun-dubatar mutanen Libiya a sansanonin hamada, shi ya rataye Umar Mukhtar ranar 16 ga Satumban 1931, dattijo malamin Alƙur'ani, a gaban jama'arsa. Mu da fataken Turabulus da Gadamas suka yi ƙarnoni suna sauka a cikin birninmu, bai kamata a ce sai an tuna mana wannan ba.

Kada ku ɗauka yaƙin ya tsaya can. Ba Bakano ko ɗaya da ya jefa wa Hitila ƙuri'a, amma sai da wutar ta iso mu. Daga 1940 filin jirgin Kano ya zama zango a hanyar da Ingila take bi da jiragen yaƙi daga Takoradi zuwa Maiduguri, zuwa Khartum, zuwa Alƙahira. Da Japan ta ƙwace Malaya a 1942 kuza ta yi wuya, Turawa suka sa aikin tilas a ma'adinan Jos, aka riƙa ɗibar talakawa daga lardunan Arewa ta hannun hakimai da dagatai, sanyin tsauni da yunwa da cuta suka kashe da yawa. Aka matsa wa manomi ya ƙara gyaɗa. Samarin Arewa suka cika rundunar Afirka ta Yamma, har Hausa ta zama harshen bariki. Sun yi yaƙi a Somaliya da Habasha a 1941, sannan aka kwashe runduna ta 81 da ta 82 zuwa ƙasar Bama, wato Myanmar ta yanzu. Sunan barikin Chindit na Zariya da na Kalapanzin a Kaduna daga can suka samo asali.

Muna yara akwai wani tsoho a unguwarmu da ba a kiran sa da komai sai Ɗan Bama. Yana zama a dakalin ƙofar gidansa yana saƙa igiya, lambobinsa na yaƙi suna cikin wani gwangwanin taba da ba ya buɗewa sai an matsa masa. In ya ga dama ya ba mu labarin yadda suka riƙa ɗaukar akwatin harsashi a ka suna hawan duwatsu cikin ruwan da ba ya ɗaukewa, matsattsaku sun cika musu ƙafa, in an yada zango sai a bi su da wutar sigari ana cirewa. In damina ta kama aka yi tsawa mai ƙarfi, sai ya tattara igiyarsa ya shige ciki, ba ya fitowa sai gari ya waye. Muna yi masa dariya a lokacin. Bai taɓa sanin me ya haɗa Japan da Ingila ba.

To mu dawo gida, don mu ba baƙin kaki ba ne. Juyin mulkin farko, na 15 ga Janairun 1966, da sunan kawar da cin hanci aka yi shi, ya ci Sardauna da Tafawa Ɓalewa, ya haifi na Yuli, ya haifi yaƙin basasa na wata talatin. Za ku ce Murtala fa? Allah ya jiƙan Murtala, ɗan garin nan ne kuma ya yi abin a yaba. Amma wata shida da 'yan kwanaki ya yi, kuma waɗanda suka harbe shi ranar 13 ga Fabrairun 1976 ta ƙofar da ya shigo suka so shigowa. Wannan ita ce matsalar: ba ku za ku zaɓi wanda zai fito daga bariki ba, kuma in mai kirki ya fito ba ku da hanyar tsare shi. Akasarinku ba a haife ku ba a 1984, lokacin doka mai lamba 2 da ta ba da ikon tsare mutum ba shari'a, da mai lamba 4 da aka ɗaure 'yan jarida biyu na Guardian da ita. Karya darajar naira da kuke kuka da ita yau, gwamnatin soja ce ta fara kawo ta a 1986 da shirin SAP. A watan Mayun 1986 ɗin aka harbe ɗalibai a Jami'ar Ahmadu Bello. Soja ne ya soke zaɓen 12 ga Yunin 1993. A hannun soja Shehu Musa 'Yar'aduwa, Janar guda, ya mutu a kurkukun Abakaliki a 1997. In Janar bai tsira ba, ɗan Adaidaita fa?

Maƙwabtanmu na Sahel suna da hujjar jin haushin Faransa, kuma ni ma ban yi baƙin cikin ganin sojojinta sun naɗe tabarma ba. Amma ku bar kallon gajerun bidiyo ku dubi kalanda. A Mali an yi alkawarin zaɓe an ɗaga, an sake ɗagawa, a watan Mayun 2025 aka rusa jam'iyyu baki ɗaya. A Burkina Faso an ƙara wa'adin shekara biyar a 2024, kuma an sha kama masu sukar gwamnati a tura su fagen daga da sunan aikin soja. A Nijar an rantsar da Janar Tiani na shekara biyar a watan Maris na 2025. Sudan kuwa, wadda ba gidan da bai san wani da ya yi karatu ko ya zauna a can ba, janar biyu ne suka haɗa kai suka kori farar hula a watan Oktoban 2021, sannan a watan Afrilun 2023 suka juya wa juna bindiga a tsakiyar Khartum. Ku nemi ɗaliban da aka kwaso ta kan iyakar Masar su ba ku labari.

Ba ina ce muku abin da muke ciki adalci ba ne. A zanga-zangar Agusta an kashe mutane, ƙungiyar Amnesty ta ƙirga aƙalla 24. An kwashi yara ƙanana, da yawansu 'yan Kano, aka tsare su wata uku, aka gurfanar da su a kotun Abuja ranar 1 ga Nuwamban 2024 da tuhumar cin amanar ƙasa, wasu suka yanke jiki suka faɗi don yunwa. Abin kunya ne da ba zai gogu ba. Amma ku tambayi kanku me ya fito da su cikin 'yan kwanaki. An kai su kotu a bainar jama'a, akwai lauyoyi, akwai mai waya da ya ɗauki hoto, akwai jaridar da ta buga, akwai 'yan siyasar da suke tsoron zaɓe mai zuwa. Ƙarƙashin doka mai lamba 2 ba za a kai su kotun ba balle a gan su. Waɗannan 'yan abubuwan da kuka raina, su ne Hitila ya bi ɗaya bayan ɗaya tsakanin Fabrairu da Yulin 1933.

Kuma Kano ta fi ko'ina sanin amfaninsu. A nan aka kafa NEPU a 1950, magoya bayan Malam Aminu Kano suka sha ɗauri da bulala a kotunan En'e don talaka ya samu bakin magana, ba su taɓa kiran bariki ta zo ta yi musu ba. A nan aka kayar da gwamna mai ci a 2003. A nan aka kayar da jam'iyya mai mulki a 2023, jama'a suka kwana a rumfunan zaɓe suna gadin ƙuri'a. A 2015 ƙuri'un Kano suna cikin waɗanda suka sauke shugaban ƙasa mai ci, ya tafi gida da ƙafarsa.

Roƙona gare ku kaɗan ne. Wanda ba shi da katin zaɓe ya je ya yanka, wanda yake da shi kada ya sayar da shi a kan taliya da sabulu. Ku haɗa kanku a unguwa, ku san sunan kansilanku da ɗan majalisarku na jiha da na tarayya, ku nemi a nuna muku abin da aka ware wa mazaɓarku a kasafin kuɗi, ku je ofishinsa ku goma, ku ashirin, da takarda a hannu, ku ɗauki zaman a waya. In za ku fita zanga-zanga ku fita, haƙƙinku ne, amma da buƙatu a rubuce da tutar ƙasarku, kuma ku san wanda ya biya kuɗin ɗinkin duk tutar da aka miƙo muku. In ɗan siyasa ya aiko da mota da ƙwaya da gora ranar kamfen, ku tambaye shi ina nasa 'ya'yan.

Ku gaida iyayenku. Haza wassalam.

Naku,
wani tsohon malamin tarihi,
cikin birnin Kano.